Hannatu: Sunan da Ya Zo ta Hannun Malamai

A ƙasar Gumel, daga cikin birnin Lautai har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji ana ƙwala wa wata Hanne kira ba. Ranar suna da sassafe liman zai raɗa wa jaririya Hannatu, a raba goro da dabino, a yanka rago, amma kafin ta fara rarrafe kakanni sun gutsure sunan ya koma Hanne. Tushensa Ibrananci ne, wato Hannah, daga saiwar kalma mai nufin tagomashi da jinƙai. Da yake Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, daga wannan saiwar Larabawa suka sami hanan, wato tausayi.

Akwai masu ɗari-ɗari da sunan, suna cewa na Kiristoci ne, tunda a Littafi Mai Tsarki Hannatu ce mahaifiyar annabin da Larabawa ke kira Shamwilu. Gaskiya ne Hausawa Kiristoci suna sa shi, amma ba daga can ya shigo bakin Bahaushe ba, kuma shaidar tana manne a wutsiyar sunan. Wannan "tu" ɗin na ƙarshe shi ne na A'ishatu, Hafsatu da Saratu, wato yadda almajiri ke furta ta'i mai ɗauri da wasalinta in yana biya karatu a gaban malami. Sunan da ya biyo ta Turanci ba zai ɗauko wannan wutsiya ba. Dubi yadda ta kasance da shi a ɗaya hanyar: Girkanci ya zubar da harafin farko ya bar Anna, Sifaniyawa suka mai da shi Ana, shi ya sa a Meziko da Kolombiya ake samun Ana da Anita. Namu kuwa littattafan tafsiri ne suka kawo shi. Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kira matar Imrana, mahaifiyar Nana Maryam, da sunan Hanna, haka ma Jalalaini da ake karantawa kowane azumi a masallatanmu. Gumel, da ta daɗe tana bin Borno, ƙasar tsangaya ce tun kafin a buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932.

Wani zai ce ai Alƙur'ani bai ambaci sunan ba. Haka ne, a aya ta 35 ta Suratu Ali Imrana matar Imrana kawai aka ce da ita. To amma bai ambaci Hauwa'u ko Saratu ko Hajara da suna ba, Maryam ce kaɗai macen da ya kira da sunanta, kuma ba wanda ya taɓa ƙyamar waɗancan. Saboda haka uban da ransa ya kwanta da Hannatu ya raɗa wa 'yarsa hankali kwance, sunan kakar Annabi Isa ne, Alaihis Salam.