Jijiyoyin Ji Da Abin Da Kuturta Ke Ɓatawa

Mutane da yawa suna zaton kuturta ce ke cin yatsun mutum kai tsaye. Ba haka abin yake ba. Daga jijiya ɓarnar take farawa.

Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi an gina su ne da ƙwayoyin halitta iri biyu. Na farko su ne niyuron, masu ɗaukar saƙon kamar wayar tangaraho. Na biyu su ne giliya, waɗanda ke ciyar da niyuron, suna tsaronsu. Wani jinsin giliya, watau ƙwayoyin Shuwan, shi ke naɗe jijiyoyin hannu da ƙafa da rigar kitse, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki. Da wannan riga saƙo kan yi gudun mita 120 a daƙiƙa guda. In babu ita, da kyar ya wuce mita 2.

To, ƙwayar kuturta, wadda Likita Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873, cikin ƙwayoyin Shuwan ɗin nan take shiga. Jijiya ta lalace, fata ta daina ji, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, har miki ya cinye gaɓa.

Saboda haka duk wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, wanda ba ya jin taɓi, sai ya hanzarta zuwa asibiti. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta, akan kuwa warke cikin wata 6 zuwa 12. Amma jijiyar da ta riga ta mutu, magani ba ya tashinta.