Gasar Kamfanonin Waya a Idon Mai Nazarin Halittu

A shekarar 1934 wani masanin halittu ɗan ƙasar Rasha mai suna Gause ya bayyana sakamakon wani gwaji wanda har yau ake koyar da shi. Ya ɗauko iri biyu na faramisiyam, watau wasu ƙananan halittun ruwa da ba a ganinsu sosai sai da madubin ƙara girman abu. Da ya raba su, kowane iri a kwalbarsa, duka suka hayayyafa. Da ya haɗa su a kwalba ɗaya bisa abinci ɗaya, cikin 'yan makonni iri ɗaya ya mamaye, ɗayan ya shiga ƙarewa. Ba cinye shi aka yi ba, riga shi abinci kurum aka yi. Amma da ya gwada da wani iri mai kiwo a gindin kwalba alhali abokin zamansa yana kiwo a sama, sai suka zauna tare. Ke nan masu neman abu ɗaya ta hanya ɗaya ba sa daɗewa wuri ɗaya, sai in ɗayansu ya sake makiyaya.

Ɗalibin da ya fahimci wannan zai gane abin da ya faru da kamfanonin waya a ƙasar nan. An kafa NITEL a 1985, ya zauna shi kaɗai a kwalba, kuma har zuwa 2001 layukan tarho a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairu na shekarar hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowanne a kan dala miliyan 285, aka ba MTN da Econet, shi ma NITEL aka keɓe masa nasa. Wanda bai saba da tsere ba bai iya gudu ba. Bayan an sha yunƙurin sayar da shi, a 2015 aka miƙa kadarorinsa ga kamfanin NATCOM.

Da farko sababbin kamfanonin suna karɓar kimanin naira 50 a kowane minti, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi yana magana. A watan Agusta na 2003 Globacom ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran kuwa ala tilas suka bi sahu. A ganina wannan ne darasi mafi armashi a tarihin duka: dabarar da ta ba kamfani fifiko ba ta daɗewa tasa shi kaɗai. Halitta tana ɗaukar zuriya bayan zuriya kafin ta sauya siffa, kamfani kuwa cikin watanni yake kwaikwayon abokin gasarsa. Daga 2013 ma an ba mai waya damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba.

To, ina sama da gindin kwalba a nan? Mu duba Dutsin-Ma da Kurfi. Kowace hasumiyar sadarwa tana cin kuɗi dare da rana: janareto da man dizil, da batura, da mai gadi, domin wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. Kuɗin nan kusan ɗaya ne, ko mutum dubu goma ke kira ta hasumiyar ko ɗari biyu. Cikin garin Dutsin-Ma, inda akwai kasuwa da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, abinci ya wadata, kamfanoni da yawa na iya kiwo tare. A ƙauyukan da ke nesa da titi kuwa cinikin bai taka kara ya karya ba, ga kuma duwatsu masu tare saƙon da ke tafiya ta iska, saboda haka wanda ya riga kafa hasumiya shi ke da wurin. Dalilin da ya sa za ka ga mutum da layi biyu ko uku ke nan: wannan na gari, wancan na gona, wani kuma don arhar intanet. Mai waya da kansa ya raba musu makiyaya.

Sai dai ba abokin gasa kaɗai ke kashe halitta ba, akwai fari da ambaliya. Ga kamfanin waya, fari shi ne faɗuwar darajar naira, domin da naira yake ciniki amma da dala yake sayo na'urori. Etisalat, wanda ya fara aiki a 2008, ya ci bashin dala biliyan 1.2 daga bankuna 13. Naira ta faɗi, biya ya gagara, a 2017 masu jarin daga Daular Larabawa suka janye, kamfanin ya koma 9mobile. Girma ma bai hana MTN asarar kimanin naira biliyan 400 a 2024 ba.

Wani haɗarin mu nan muka gan shi. A watan Satumba na 2021 aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a fara maido da ita ba sai a Disamba. Babba da ƙarami duk suka yi shiru rana ɗaya, jarinsu yana tsaye ba ya kawo ko kwabo.

A nan ne kwatancen namu yake da iyaka, kuma ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai haka. Gause ya zuba ido ne har iri ɗaya ya ƙare, hukuma kuwa tana sa hannu cikin kwalba. Ita ta ci MTN tarar fiye da naira tiriliyan 1 a 2015 kan layukan da ba a yi wa rajista ba, kafin a rage ta zuwa biliyan 330. Ita da Babban Banki suka shiga tsakani a 2017 don kada bankuna su durƙusar da Etisalat. Ita ce kuma a Janairun 2025, da kamfanonin suka koka da tsadar aiki, ta yarje musu ƙarin kuɗin kira da na intanet har kashi 50 cikin ɗari.