Abin da fargaba ke yi wa jikin ɗan kasuwa

A watan Agustan 2022, ambaliyar ruwa ta shiga shagunan Kantin Kwari da ke Kano, ta lalata atamfofi da shaddodi masu yawa. Ga wanda ya karɓi kaya bashi, asarar ba ta tsaya a aljihu ba.

Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika saƙo ga wasu ƙananan sassa biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadarin adiranalin cikin jini. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe. Daga baya sinadarin kotisol ke biyowa, ya ƙara sukari a jini.

Masanin Amurka Walter Cannon ne ya bayyana wannan a 1915: shiri ne na faɗa ko gudu. Sai dai jiki ba ya bambance gobara da kiran mai bin bashi ko tashin dala. Gobara ana kashe ta; bashi kuwa da shi ake kwana.

Idan kotisol ya daɗe da yawa a jini, barci yakan ƙaurace, garkuwar jiki ta raunana, haka ma ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen goshi, mai auna shawara da danne fushi. Shi ya sa dattijon da aka sani da haƙuri ke iya yi wa yaron shagonsa tsawa a kan ƙaramin kuskure.

Doguwar damuwa na cikin abubuwan da ke taimaka wa hawan jini, cutar da sau da yawa ba ta nuna alama. Awonsa a asibiti ko kemis ba ya wuce 'yan mintoci.