Nazarin Ɗabi'a da Manhajar Kwamfuta: Yadda Ake Ɗauka da Sanya Alama

Mai nazarin harshe ba kalmomi kaɗai yake bi ba. Idan yarinya ta gaida kakarta, durƙusawa da sunkuyar da kai suna cikin gaisuwar, kamar yadda "ina kwana" take ciki. Biro da takarda ba sa iya kama duk wannan, domin kafin a rubuta abu ɗaya, uku sun wuce. Shi ya sa masu bincike suka koma ga ɗaukar bidiyo, sannan su zauna da manhaja suna sanya wa kowane motsi alama tare da lokacinsa.

Hanyar ta samo asali ne daga masu nazarin dabbobi. A shekarar 1974 Jeanne Altmann, wadda ta yi aiki a kan gwaggwon biri a Amboseli ta ƙasar Kenya, ta fitar da maƙala da ta tsara hanyoyin lura. Abu mafi amfani gare mu a cikinta shi ne bambancin da ta yi tsakanin aiki mai ɗorewa da aiki na ɗan take. Durƙusawa tana da farko da ƙarshe, don haka tsawonta ake aunawa. Gyaɗa kai kuwa ƙirga shi ake yi, sau nawa ya faru. Ɗalibin da ya cakuɗa waɗannan biyu, lissafinsa ya lalace tun daga tushe.

Kafin a kunna bidiyo sai an rubuta jadawalin ɗabi'u, wato jerin abubuwan da za a nema, kowanne da ma'anarsa a fili. "Ladabi" ba ya shiga jadawali, domin fassara ce ta mai kallo. "Gwiwa ta taɓa ƙasa" yana shiga, domin kowa zai iya gani. A nan ne mafi yawan wahalar aikin take, ba a wajen danna maɓalli ba.

Manhajojin da aka fi sani su ne The Observer, ta kamfanin Noldus da ke Wageningen a ƙasar Holan, wadda sayen ta ake yi. Da BORIS, wadda Olivier Friard da Marco Gamba na Jami'ar Torino a Italiya suka yi bayaninta a 2016, ita kuma kyauta ce. A cikinsu ana ba kowace ɗabi'a harafi guda, bidiyo na tafiya mai nazari yana dannawa, manhajar tana ajiye lokaci. Ga ɗalibin harshe, a ganina ELAN ta fi dacewa. Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ce ta samar da ita, kyauta. Tana jera layuka a ƙarƙashin bidiyo: layin magana, layin fassara, layin motsin hannu, layin inda ido ya kalla, duk a ɗaure da lokaci ɗaya. Da irin wannan awo na bidiyo ne Tanya Stivers da abokan aikinta suka nuna a 2009, bayan nazarin harsuna 10, cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, inda Japananci ya fi sauri, harshen Danmak kuma ya fi jinkiri.

Saura batun amincin sakamako. Ƙa'ida ita ce mutum biyu su sanya alama a bidiyo ɗaya ba tare da sun yi shawara ba, sannan a kwatanta. To amma yawan dacewa yana yaudara. A ɗauka an duba wurare 100, kowannensu ya ce ya ga durƙusawa a wurare 10, sun kuma dace a 90. Da ji sai a ce aiki ya yi kyau. Sai dai ko da ka-cici-ka-cici suka yi, da sun dace a wurare 82, tunda "babu" ce ta mamaye amsar. Ma'aunin kappa, wanda Jacob Cohen ya gabatar a 1960, yana cire wannan dacewa ta sa'a: a debe 82 daga 90, a raba da 18, sai a sami 0.44 kawai. Idan haka ta fito, jadawalin ake komawa a gyara ma'anoni, a sake gwadawa a wani guntun bidiyo.

Kada kuma a kafa kyamara sai da yardar mutanen da za a ɗauka, tare da faɗa musu wanda zai kalla da inda za a ajiye hoton. A gidan da mata suke cikin kulle, ɗaukar sauti kawai ake iya samu a mafi yawan lokuta, layin motsi kuwa sai a bar shi babu komai.