Shekara bakwai a harabar coci: hidimar da kyamara ba ta ɗauka ba

Ka lura yanzu ko buhun shinkafa ɗaya za a kai gidan marayu, sai an tafi da mai ɗaukar hoto? A jera yara, a ce su yi murmushi, kafin magariba bidiyo ya hau TikTok. Ban ce duk mai yin haka neman suna yake ba, domin wani lokaci bidiyon ne ke sa wasu su buɗe aljihu. Amma zo mu je Yola ka ga wata irin hidima.

A 2014 Boko Haram ta ƙwace Madagali da Michika, sannan Mubi a watan Oktoba. Jama'a suka yi ta kwarara Yola, wasu da ƙafa ta cikin daji, ba su da komai sai kayan jikinsu. Bishop Stephen Dami Mamza na cocin Katolika ya buɗe harabar babban cocin St. Theresa da ke Jimeta, dubban mutane suka fake a ciki, Kirista da Musulmi.

Buɗe ƙofa rana ɗaya, kowa ma zai iya. Wuyar tana gaba. Da sojoji suka ƙwato garuruwan, yawancin mutane sun koma gida, 'yan jarida ma suka karkata wani wajen. Amma akwai iyalan da ƙauyukansu ba su shiguwa, suka ci gaba da zama a harabar cocin. Kullum sai an ɗora tukunya. Yaro ya yi zazzaɓi cikin dare, sai an nemo magani. Haka aka yi ta yi har kusan shekara bakwai. Wa zai kalli bidiyon wannan?

A watan Afrilun 2021 aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, cikin ƙaramar hukumar Girei, da tallafin ƙungiyar Missio ta Jamus. An gina makaranta, an gina coci, an kuma gina masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu. Wasu Kiristoci ba su ji daɗin masallacin nan ba, kuma na fahimci zafinsu, mutane ne da aka ƙone musu majami'u. Amma a ganina bishop ɗin ya yi daidai. Mutumin da kuka ci tuwo tukunya ɗaya shekara da shekaru, ka ba shi ɗaki, sai ka ce ya je ya nemi inda zai yi salla?

A Matiyu sura 25 Yesu ya ba da misalin maigidan da ya damƙa wa bayinsa kuɗi zai yi tafiya. Biyu suka juya nasu. Na ukun ya tona rami ya binne, saboda tsoro. Ni wannan na ukun ne ya fi tsaya mini a rai, don bai saci ko kwabo ba. Ya dai riƙe amanar ne bai bari ta amfani kowa ba. Kuma gaskiya, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, dukanmu mun iya tona irin wannan ramin. Kowa na cewa bari dai in ji da kaina tukuna.

To kai me aka damƙa maka? Wataƙila ba ka da harabar coci. Amma ka iya lissafi, ga yaran layinku da aka koro saboda kuɗin makaranta. Ke kuma kina karatun jinya, ga tsohuwar da ke maƙwabtaka ba ta da mai auna mata hawan jini. Akwai jinin da ke jikinka, asibitoci kullum nema suke.

Sai kuma batun da ba mu son taɓawa. In ka buɗe asusun taimako a Facebook don wani majinyaci, kuɗin nan ba naka ba ne, ko cajin waya bai kamata ka yi da shi ba. Rubuta abin da ya shigo, ajiye rasit, ka nuna wa waɗanda suka bayar ko ba su tambaya ba. Bayan wata uku kuma, lokacin da kowa ya manta da maganar, ka taka ka je ka duba majinyacin, ka bar wayar a aljihu.