Yadda Ƙurar Hunturu Ke Cinye Muryoyin Da Ke Kan Faifan Garmaho

A wasu tsofaffin gidaje na Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, har yanzu akwai garmaho da faya-fayan mawaƙa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Gado ne da idan ya lalace, da wuya a samu madadinsa a kasuwa.

Ɓarnar takan faro ne daga inda ba a lura: robar da ake ɗora faifan a kanta. Zafin bazara kan sa ta yi danƙo, ƙurar hunturu kuma ta manne mata. Daga nan ƙurar ke shiga layukan faifan, allura ta riƙa nika ta a ciki, har muryar ta dusashe.

Maganin ba ya cin kuɗi. Ana cire robar, a wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, sannan a shanya a inuwa har ta bushe sarai. Fetur da kananzir kuwa ƙara lalata ta suke yi.

Idan danƙon ya dawo bayan wanki, robar ta gama aiki. Gara a sauya ta da a rasa muryar Shata.