Wa ke yanke fas ɗin Alhaji?

A shekarar 2003 wani Alhaji ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari ya sa wa kwamfutar ofishinsa modem, don ya riƙa tura takardun oda Dubai ba sai ya je shagon fas ba. Shafi ɗaya yana tafiya lafiya lau. Da takarda ta kai shafi uku ko huɗu, sai ta katse a tsakiya, can kuma su karɓi rabi. Aka kira ni.

"Malam, ko dai na'urar jabu ce?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, bari mu tambaye ta."

Na buɗe HyperTerminal na rubuta AT, ta amsa OK. Lafiyarta ƙalau ke nan. Na sake rubuta AT+FCLASS=? don in ga ajin fas ɗin da ta iya, ta nuna 0, 1, 2. Manhajar fas ɗin tana kan aji na 2, wanda kamfanoni suka yi ta ƙerawa kowa yadda ya ga dama, shi ya sa yake yawan rigima. Na mayar da ita aji na 1. Muka gwada, ta sake katsewa.

Sai zargina ya koma kan layi. Damina ce, in ka ɗaga waya kana jin ƙaraf-ƙaraf. Na rage gudu daga 14,400 zuwa 9,600, abin da kowane mai gyara zai yi. Rubutu ya fito tas, amma katsewar ta ƙaru. Nan na tsaya. In da hayaniyar layi ce, rage gudu ya kamata ya kawo sauƙi. Abin da kawai ya canja shi ne yanzu kowane shafi yana daɗewa a kan layi. Ashe akwai abin da ke faɗowa cikin kiran, kuma tsawon kira ne ke ba shi dama.

Yawancin modem suna kashe lasifikarsu da zarar sun haɗu da ɗaya ɓangaren. Na sa ATM2 domin ta ci gaba da kuka har ƙarshe, na ƙara ATL3 don sauti ya fito sosai. Muka kasa kunne. Shafi na farko ya wuce. Ana cikin na biyu sai muka ji ƙwas, sannan muryar yaro: "Salamu alaikum?"

Alhaji ya dube ni, ya leƙa ƙasa. Wayar shago da ta ofis layi ɗaya ne. Duk sanda yaron shago ya ɗaga zai kira dillali, sai ya ji tsuwa, ya ɗauka layi ya lalace, ya ajiye. Wannan ɗagawar ta isa ta wargaza fas.

Ita ce kuma sanadin wani kukan da Alhaji bai ma haɗa da wannan ba, wai ba a turo masa amsa. Ana turowa. Fas mai shigowa yana yin ɗan fito duk bayan daƙiƙa uku, yaron ya riga kwamfuta ɗauka, ya ji ba mutum ba ne, ya kife.

Na ja wayar shago na cusa ta a ramin PHONE na bayan modem, wanda wannan samfurin ke rufewa in tana aiki. Na sa manhajar ta riƙa amsawa a ƙara ta biyu daga la'asar, lokacin da Alhaji ya shaida wa mutanen Dubai su riƙa turowa. Gudun na bar shi a 9,600 har damina ta wuce.